MU NE KASUWAR, SU NE MASU RIBA!

Duk sanda masu binciken kasuwa suka fitar da rahoto a kan harkar tace mai da sayar da shi a Afirka ta Yamma, magana ɗaya ce suke ta juyawa: wai yankin nan babbar dama ce ga masu zuba jari, domin jama'a na ƙaruwa, buƙatar fetur da gas na hauhawa, matatun gwamnati kuwa sun kasa cike giɓin. To ɗan uwa, tsaya ka fahimci wannan yare nasu. Abin da suke kira buƙata, kai ne da babur ɗinka a layin gidan mai tun asuba. Giɓin da suke faɗi kuwa gawar matatunmu ce, wadda ungulu ke shawagi a kanta.

Tun 1956 aka gano mai a Oloibiri. Aka gina matatu huɗu: tsohuwar ta Fatakwal a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, sabuwar ta Fatakwal a 1989. A takarda za su iya tace ganga 445,000 kullum. To me ya kashe su? Girgizar ƙasa aka yi ko gobara ce ta faɗo daga sama? A'a! Sakaci ne da ha'inci, domin matuƙar matata na kwance, masu lasisin shigo da tataccen mai daga Turai kakarsu ta yanke saƙa. A kwashi ɗanyen manmu a jirgi, a tace a can, a dawo mana da shi da dala!

Ku duba wannan abin kunya 'yan uwa. Lissafin da kamfanin NNPC ya fitar da kansa ya nuna a 2018 matatar Kaduna ba ta shigo da ko sisin kwabo ba, amma ta lanƙwame sama da naira biliyan 60. A 2021 aka amince da dala biliyan 1.5 don gyaran ta Fatakwal. Aka yi ta shelar ta tashi a Nuwamban 2024, kafin ƙarshen Mayun 2025 an sake rufe ta.

Maimakon a hukunta ɓarayi, sai aka hukunta talaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500 cikin kwanaki, a 2024 ta zarce 1,000. Kuɗin mota ya tashi, kwanon masara ya bi shi, niƙa ma ta gagari uwayenmu.

Wani zai ce ai ga matatar Dangote a Legas, mai ƙarfin ganga 650,000, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Madalla, tacewa a gida ta fi shigowa daga waje, ba mu musa ba. Amma ita hujja ce a kan mahukunta: abin da mutum ɗaya ya iya, ya aka yi ya gagari gwamnati shekara da shekaru? Kuma wane mai hankali ne zai saki jiki alhali man ƙasa guda ya rataya a kan ƙofa ɗaya? Ku tambayi 'yan uwanmu na Nijar. Matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ita kaɗai gare su, kashi 60 nata kuma na kamfanin China ne. A Maris ɗin 2025 sai ga Yamai cikin layin mai.

Don haka ɗan uwa, kada alƙaluman turawa su ruɗe ka. Duk rahoton da ya ƙirga litar da za ka saya, bai ƙirga kuɗin gyaran da aka sace ba, ba don kai aka rubuta shi ba. Mu karanta, mu riƙe lissafi, mu tambayi duk mai zuwa neman ƙuri'a: ina kuɗin matatar Kaduna? In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya isar wa talaka.