Hutun damina a Gwiwa: kafin a ce yarinya ta girma

Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne daidai lokacin da ruwa ya zauna. Ana sallamar yara wajen ƙarshen Yuli, ba za su koma aji ba sai Satumba, a tsakanin nan kuwa marka ke cika kowane rami a ƙasarmu. Duk inda aka haƙi ƙasar gini ko aka kwashi jar ƙasa don aikin hanya, daga Gwiwa zuwa Korayel, daga Roni zuwa Babura, ya koma kududdufi. A makonnin nan ne kuma motoci ke sauke mana 'ya'yan 'yan'uwa daga Kano da Kaduna da Abuja, an turo su hutu wajen kaka. Kafin su gama gaishe-gaishen dangi sun bi 'yan gari bakin ruwa. Maza su tuɓe su faɗa, mata su tafi da sunan wanki su dawo da zani jiƙe sharkaf.

A cikin 'yan matan nan akwai 'yan shekara 10 zuwa 13, wato shekarun da al'ada ke fara leƙowa. Na daɗe ina koyar da yara mata, kuma ni gwaggo ce ga yara da dama, don haka na san dokar da kusan kowane gida ke kafawa: mai al'ada ba ta shiga ruwa. Ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Dokar ta tsare yarinya kwana biyar, ta sake ta sauran kwanakin wata ta yi ta iyo a ruwan da shi ne mai cutar.

Dalilan da nake ji a bakin mata ba su wuce uku ba. Wai ruwan sanyi zai daskarar da jini a mara, wai sanyi zai shige ta har ta rasa haihuwa, wai mutanen ruwa suna bin ƙarnin jini. Na farko da na biyu likitanci bai san da su ba. Jinin al'ada shimfiɗar cikin mahaifa ce ke saɓulewa ta fito, ruwan da ya taɓa fata ba ya isa can balle ya daskarar da shi. Abin da ke rikita mutane shi ne idan mace tana cikin ruwa jinin yakan ragu, saboda nauyin ruwan yana danne shi, tana fitowa kuma sai ya ci gaba. Na ukun na bar wa malamai, sai dai na lura ba a taɓa hana ɗan saurayin da ƙaya ta soke a ƙafa shiga ruwan ba, ga shi da jini.

Addini ma bai hana mai haila wanka ba. A Ahalari da Risala, waɗanda yaranmu ke bita a Islamiyya, an lissafa abin da ta ajiye: sallah, azumi, ɗawafi, shiga masallaci da sauransu. Wanka ba ya ciki. Wankan tsarki ne ke jiran ɗaukewar jini, wankan soso da sabulu kuwa a kwanakin nan ma ta fi buƙatarsa, kuma idan da ruwan ɗumi ne yana sassauta ciwon mara. Na sha ganin yarinyar da aka gaya wa "kar ki taɓa ruwa" ta fahimce shi a zahirinsa, ta kwana uku ba ta yi wanka ba a zafin da ke biyo bayan ruwan sama.

Abin da ke cikin kududdufi shi ne tsargiya. Wani likitan Jamus, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, amma Bahaushe ya san fitsarin jini tun kafin nan. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke manne da ciyayin bakin ruwa, su hayayyafa a cikinsa, su fito dubbai suna neman fatar mutum. Ba sai an sha ruwan ba, ba sai da ciwo a jiki ba. Tsayuwa a ruwa iya gwiwa ana wanki ta isa. Tsutsar ta girma ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su riƙa huda bango suna fita, shi ne jinin da ake gani. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta. Jiharmu Jigawa ta yi abin yabo a 2022 da ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da yin bahaya a fili, sai dai irin tsargiyar da ke kawo fitsarin jini ta hanyar fitsari take yaɗuwa, kuma babu wanda ya taɓa ƙidaya yaran da ke sakin fitsari suna cikin iyo.

A wurin yara maza an daɗe da raina ta, har wasu na ɗaukar jinin alamar balaga. A wurin yara mata ɓarnar ta fi, kuma ba a maganarta. Ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a mahaifa da bakinta da hanyoyin ƙwai, su haddasa ƙaiƙayi da fitar ruwa da ɗigon jini, shekaru su tafi su bar tabo da zai iya toshe haihuwa ko ya jawo ciki a wajen mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 a Afirka kudu da Sahara suna ɗauke da wannan nau'in. A nan gida sunansa guda: sanyi. Daga maganin kemis sai na mai tallar gargajiya, idan budurwa ce kuma har da zargi. Ashe tsoron iyayenmu cewa ruwa na iya hana yarinya haihuwa yana da ƙamshin gaskiya, lissafin kwanakin ne suka kuskure.

Ga inda maganar ta fi damuna. Fitsarin jini ba ya bayyana ranar da aka shiga ruwa, yakan ɗauki kamar wata biyu zuwa uku. Yarinyar da ta yi iyo a Gwiwa cikin Agusta, sai a Oktoba ko Nuwamba za ta ga jini, tana Kano, an manta da hutu, kududdufin ma ya kama hanyar ƙafewa. Shekararta 11. Me uwa za ta ce? "To, kin girma." A ba ta auduga, a ce ta ajiye sallah, a shiga yi mata faɗan kama kai.

Na taɓa samun ɗaliba 'yar aji biyar, ƙarama ƙwarai, ko ƙirgen dangi ba ta fara ba, amma kullum lokacin azahar tana zaune a inuwa, wai tana fashin sallah. Mako ya wuce, wani ya shigo. Na kira ta gefe na ce, "'Yata, yaushe kike ganin jinin nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, in na gama fitsari." Na ce, "In ba ki yi fitsari ba fa, zaninki na ɓaci?" Ta ce a'a. Na je gidansu da yamma na roƙi mahaifiyarta, aka kai ta asibiti a Kazaure, aka duba fitsarin, tsargiya ce. Yarinyar ta yi watanni tana ajiye sallah saboda jinin da ba na haila ba ne, tana ramewa, an ce girma ne ke jan ta. Al'adarta ta gaskiya sai da ta shiga sakandare ta zo.

Tambayar da na yi mata kowace uwa za ta iya yi. Jinin tsargiya yana zuwa ne a ƙarshen fitsari, ɗigo kaɗan, sau da yawa da zafi, kuma bai san wata ba. Jinin al'ada yana fita ko ba fitsari, ya ɗauki kwana biyu zuwa bakwai ya ɗauke, galibi kuma yana biyo bayan ƙirgen dangi da kamar shekara biyu. Yarinyar da jikinta bai nuna komai ba ta ga jini, asibiti za a nufa. Tambayar ba ta raba gardama gaba ɗaya, domin tsargiyar da ta kama mahaifa tana iya kawo ɗigon da ya yi kama da al'ada, kuma al'adar shekarun farko ita kanta ba ta da tsari, takan zo ta ɓace wata biyu ko uku. Shi ya sa duk yarinyar da ta yi damina a bakin kududdufi, gwajin fitsari ya fi zato. A gaya wa likita a fili cewa ta yi hutu a ƙauye ta shiga ruwa, domin likitan birni ba lallai ya kawo hakan a ransa ba.

Sai wadda al'adarta ta gaske ta same ta a wajen hutu. Wata 'yar ƙanena ta zo mana daga Kano, abin ya zo mata a mako na biyu. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta yagi gefen tsohon zani ta yi ƙunzugu yadda ta iya, ta ci gaba da tsayawa sallah a bayan kakarta don kar a gane, 'yan'uwanta suka yi ta tsokanarta don ta ƙi bin su bakin ruwa. Kakar ce ta lura da yadda take zama a ɗarare, ta ja ta ɗaki cikin wasan kaka da jika ta ce, "Ke kishiya, zo nan, me kike ɓoye mini?" Sai kuka. Da muka kira uwar a waya, cewa ta yi, "Wallahi Yaya, ina ta so in yi mata maganar, nauyi nake ji."

Na san wannan nauyin, balle ga 'yar fari da ko sunanta ba a faɗa. Ba na cewa a yar da kunya. Al'adarmu da ta sa kara tsakanin uwa da 'ya ita ce kuma ta tanadi kaka da gwaggo da yaya, waɗanda babu shamaki tsakaninsu da yarinya. Laifin shi ne uwa ta yi shiru, ba ta kuma wakilta kowa ba, ta sa yarinya a mota. Masu cewa gaya wa 'yar shekara tara buɗe mata ido ne, su tuna babin haila yana cikin Ahalarin da take haddacewa. Ta san mai farawa iyakar hailarta kwana 15 ne a mazhabar Malikiyya, ta ba da hadda an ce madalla, amma ba wanda ya gaya mata launin abin, ko inda za ta sami tsumma mai tsabta, ko wa za ta tasa da dare.

Jakar hutu ta kamata ta ɗauki auduga ko ƙunzugun yadi mai laushi guda uku ko huɗu, da sabulu, da zani mai duhu, ko da yarinyar ba ta fara ba. Auduga ta yi tsada, duk da dokar kuɗi ta 2019 ta cire harajin VAT daga wadda ake yi a cikin gida, kuma ba na ganin aibin tsumma idan an kula da shi. Aibin yana wajen shanya. Saboda kunya ana cusa shi ƙarƙashin katifa ko bayan tukunya da damshinsa, a daminar da kaya ke kwana biyu ba su bushe ba. A wanke da sabulu, a shanya a rana, in ana jin nauyi a rufa masa mayafi mara kauri. Kuma kar a tura ta kududdufi wanke shi a ɓoye, hannu ma fata ce.

Yaran birni sukan yi mini wata tambaya kan iyo lokacin al'ada, domin wasunsu sun saba da wurin ninƙaya na otal ko na makaranta, inda ruwan ke da magani kuma babu dodon koɗi. A can al'ada ba ta hana iyo ta fuskar lafiya, matsalar ta sutura ce. Audugar da aka saba da ita tana shanye ruwa nan take, ba ta da amfani a ciki. A Turai da Amurka 'yan mata kan yi amfani da irin wadda ake sawa ta ciki, da sharaɗin kar ta wuce awa takwas. Ni ban taɓa ganinta a kemis ɗin garinmu ba, iyaye da yawa ba za su yarda da ita ga yarinya ba, kuma ba zan yi musu da su a kan wannan ba. Ta haƙura da kwanakin da jinin ke da yawa, ba abin da ya ragu a hutunta, muddin an gaya mata gaskiyar dalili, ba a tsorata ta da jikinta ba.

Cewa a hana yara zuwa kududdufi ɗungurungum magana ce mai sauƙi ga wanda famfo ke tsakar gidansa. A ƙauyen da rijiyar burtsatse ta lalace, can ne wajen wanki da ɗiban ruwa. Amma akwai dabara mai arha. Tsutsar da ta fito daga dodon koɗi ba ta wuce kwana biyu da rai idan ba ta sami mutum ba, saboda haka ruwan da aka ɗebo aka ajiye a randa ko jarka kwana biyu ya kuɓuta daga tsargiya don wanka da wanki. In ana sauri a tafasa shi. Wannan bai mayar da shi ruwan sha ba. Mai ɗebowa kuma ya tsaya a gaɓa da guga mai igiya maimakon ya kutsa ciki, abin da zai rage mana wani baƙin cikin ma, don babu daminar da ke wucewa a Jigawa ba a ji yaro ya nutse ba.

Maganin tsargiya, praziquantel, sha ɗaya ne, ana raba shi kyauta a makarantu, a tsayar da yaro jikin sanda a auna tsawonsa a ba shi adadin da ya dace. Yana buƙatar a ci abinci kafin a sha, in ba haka ba ya sa jiri da tashin zuciya, kuma daga nan jita-jita ke tashi har iyaye su hana. Ba ya hana sake kamuwa, shi ya sa ake maimaitawa. Rabon makaranta yana tsallake yara mata iri biyu: mai tallar da ba ta cikin rajista, da baƙuwar da ta yi daminarta a nan ta koma makarantar kuɗi a birni inda mai sandar awo ba ya zuwa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a faɗaɗa rabon ya haɗa da kowa daga ɗan shekara biyu a garuruwan da cutar ta yi yawa. Ina roƙon masu unguwanni da shugabannin makarantu a Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, idan maganin ya zo a yi shela a kira 'yan talla. Baƙin hutu kuwa, wannan aikinmu ne mu kakanni da gwaggonni: idan Nuwamba ta kama, a ɗauki waya a kira Kano a tambayi uwar ko yarinyar ta ga wani abu a fitsarinta.