Doguwar jinya: Dubiya kaɗai ba ta riƙe gida

Waɗanda ke kwance a gida ko a asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunsu. A makon jiya na yi alƙawarin ci gaba da bayani kan adana magani a lokacin zafi, amma wani abu da na gani ya sa na ɗage shi zuwa mako na gaba.

Ranar Talata da La'asar wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a Shabu, kan hanyar Lafiya zuwa Akwanga, da takardar likita mai ɗauke da magunguna biyar. Na yi lissafi na faɗa mata kuɗin. Ta kwance bakin mayafinta ta ƙirga abin da ke ciki, ta sake ƙirgawa, sannan ta ce, "Likita, wanne ya fi ƙarfi a cikinsu? Ba ni shi, sauran sai Allah Ya hore."

Na ce, "Yaya, zauna mu yi magana tukuna." Ta ba ni izinin kawo labarinta ba tare da suna ba.

Mijinta tela ne, bai kai shekara 50 ba. Ya daɗe da hawan jini, yana shan magani in kansa ya yi ciwo, yana bari in ya ji sauƙi. Wata huɗu da suka wuce ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi wuya, a asibiti aka ce ƙodojinsa sun gaza, sai an riƙa yi masa wankin ƙoda. A makon farko gidan ba masaka tsinke. An yi sanarwa a masallaci an tara kuɗi, teloli 'yan uwansa sun kawo nasu, maƙwabtansu Kiristoci ma sun haɗa gudummawa a coci sun aiko. A wata na biyu aka sayar da babur. A na uku ɗan kunnen gwal ɗinta da keken ɗinki ɗaya suka tafi. Yanzu babbar 'yarsu ta daina zuwa makaranta, masu dubiya sun ɗauke ƙafa, wankin da likita ya ce a yi sau biyu a mako ya koma sai ranar da kuɗi suka samu.

Ban ga laifin kowa a nan ba. Mutanen unguwar sun yi zumunci. Matsalar ita ce taimakonmu irin na gobara ne, kowa ya rugo da bokitinsa rana ɗaya a watse. Ciwon ƙoda, da ciwon daji, da shanyewar ɓarin jiki, da amosanin jini kuwa ba rana ɗaya suke ci ba.

Lissafin da ke karya gida

A ɗauki wankin ƙoda sau ɗaya a kan Naira 50,000. Sau biyu a mako ya zama 100,000, a wata 400,000. Ba a sa kuɗin gwaji ba, da allurar ƙara jini, da magungunan hawan jini, da kuɗin mota. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 kuma Naira 70,000 ne. Ke nan ko ma'aikaci mai albashi ba zai iya shi kaɗai ba, balle tela da ciwon ya raba shi da kekensa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a suke fita kai tsaye. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, har yau kasafin tarayya bai kai nan ba. Mu da ke bayan kanta mun ga yadda farashi ya yi tsalle tun 2023, lokacin da darajar Naira ta faɗi, kamfanin GSK kuma ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar nan. A tsakiyar 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji a kan kayan haɗa magunguna, amma mai sayen ƙwaya goma-goma har yanzu yana ji a jikinsa.

Ƙofofin da ya kamata a ƙwanƙwasa

Kafin a sayar da fili ko keken sana'a, akwai wuraren da ya kamata a fara tambaya.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga kusan Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi a Abuja, da ta Azare, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A wannan farashi wanki takwas na wata ya koma Naira 96,000. Daga Lafiya zuwa Abuja tafiyar kusan awa uku ce, don haka sai a haɗa da kuɗin mota da wahalar majinyaci, a kuma nemi shawarar likitansa kafin a sauya wuri.

Ga masu ciwon daji, akwai asusun tallafi na gwamnatin tarayya ga marasa ƙarfi masu dajin mama, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza. Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suna cikin wuraren da ake rajista. Magungunan tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki kuwa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya. Ma'aikatansa ke tantance wanda ya gaza biya, su nema masa rangwame ko su haɗa shi da masu taimako. Da yawa ba su san da shi ba, wasu kuma kunya ke hana su shiga. Haka nan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ta hanyarsa ake yi wa marasa galihu rajistar inshora kyauta. A jiharmu hukumar inshorar lafiya ta NASHIA ce ke wannan aiki. A je cibiyar lafiya ta mazaɓa a tambaya.

Idan an yi niyyar taimako

Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Gida 40 da kowanne zai ba da Naira 2,500 duk wata sun tara 100,000, kuma za su iya jurewa shekara guda. Wannan ya fi wa majinyaci amfani a kan rabin miliyan da za a tara rana ɗaya ya ƙare a mako biyar. Mun iya adashi, mun iya haɗa kuɗin anko da gudummawar biki ba tare da an tuna mana ba. Dabarar ita ce dai za a juyo da ita kan jinya.

Na farko, a naɗa mutum uku amintattu, ɗaya daga dangin majinyaci, ɗaya daga na matarsa, ɗaya daga unguwa. A sami littafi, duk abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta, a ajiye rasit. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga mai riƙe kuɗin. Mun ga abin da ya faru da ɗan wasan barkwancin nan na Kudu, John Okafor da aka fi sani da Mr Ibu. A ƙarshen 2023 ya nemi taimakon jama'a, aka tara kuɗi masu yawa, amma taƙaddama kan kuɗin ta kai ga 'yan sanda kafin rasuwarsa a watan Maris na 2024. Irin wannan ke sa mutane su janye hannu daga majinyaci na gaba.

Na biyu, a nemi likita ya rubuta ƙiyasin abin da jinyar za ta ci a wata. Inda hali ya yi, a biya asibiti ko kantin magani kai tsaye. Kuɗin da ya kwana a gida mai yunwa ba ya kai ranar wanki.

Na uku, a kiyaye mutuncin mara lafiya. Kada a ɗauki hotonsa tsirara ko cikin mawuyacin hali a watsa a Facebook da WhatsApp sai da yardarsa. Mu kuma masu bayarwa mu tabbatar da labarin kafin mu tura kuɗi, domin akwai masu damfara da hotunan marasa lafiya.

Na huɗu, taimako ba kuɗi kaɗai ba ne. Mai Keke Napep zai iya ɗaukar nauyin kai shi asibiti ranar wanki. Matasa masu lafiya daga shekara 18, masu nauyin kilo 50 ko fiye, za su iya ba da jini, namiji kan iya bayarwa duk wata uku. Mai firji da sola zai iya ajiye allurar ƙara jini ko insulin, domin suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a kuma daskarar da su. Wata ta ɗauki girkin rana biyu a mako, wani ya ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya. Kada a manta da mai jinyar. Ita ma tana buƙatar wanda zai karɓe ta ta yi barci.

Na biyar, masu fitar da zakka su duba maƙwabta. Matalauta da waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin rukuni takwas da aya ta 60 ta Suratu Tauba ta lissafa, gidan doguwar jinya kuma sau da yawa ya haɗa duka biyun. A Sakkwato hukumar zakka da waƙafi ta jiha tana biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani. Kwamitin masallaci ko na coci a unguwa zai iya buɗe ƙaramin asusu irin wannan.

Daga bayan kanta

Yanzu ga abin da ya shafi sana'ata. Idan kuɗi bai kai ba, kada a zaɓi magani da ka, kada a raba ƙwaya biyu don ta daɗe, kada a tsallake kwana. A gaya wa mai harhaɗa magunguna gaskiya. Magani ɗaya yakan zo da sunayen kamfanoni da dama, sinadarin ɗaya, farashin daban. Amlodipine na hawan jini misali ne. Mai araha da ke da lambar rajistar NAFDAC, aka kuma saye shi a kanti mai lasisi, yana aikin da mai tsadar ke yi. Abin gudu shi ne maganin talla a faranti da na cikin mota.

Masu dubiya, don Allah a rage rubuta wa mara lafiya magani. Kowa ya zo da jiƙonsa da garinsa, alhali ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da abin da aka ɗura mata. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗin ƙwayoyin gajiya da ake ƙullawa a leda, suna ƙara lalata ƙoda. Ko tsarabar dubiya sai an lura. Ayaba, da lemu, da dabino, da ruwan kwakwa suna da sinadarin fotasiyam mai yawa, wanda in ya taru a jinin mai ciwon ƙoda zai iya tsayar da zuciya. Gishiri da kanwa da ɗanɗanon miya su ma ana taƙaita su, har ruwan sha likita ke ƙayyade masa. Kuɗin katan ɗin lemon kwalba gara a sa shi a asusun jinya.

Kafin ta iso ƙofarmu

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma sukan yi ɓarna shekaru ba tare da an ji komai ba. Awon jini ba ya cin minti biyar. Wanda aka ɗora a kan magani ya riƙa sha kullum, ya kuma riƙa gwajin fitsari da na ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Dokar hukumar NHIA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, akwai kuma tsarin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Inshora ba ta ɗauke duk kuɗin wankin ƙoda na dindindin, amma tana sauƙaƙa ganin likita da gwaji da magungunan da ke hana a kai ga wankin. Akan jira wasu makonni kafin katin ya fara aiki, shi ya sa ake yin sa tun ana da lafiya.

Baiwar Allahn nan ba ta tafi da magani ɗaya ba. Na kira likitan mijinta, muka sauya uku daga cikin biyar zuwa na kamfanoni masu sauƙi, ta sayi na mako biyu cikakke. Na rubuta mata lissafin wata a takarda, na ce ta kai wa yayan mijin da limamin unguwa, su zauna su raba nauyin. Ta ce, "Likita, ina jin nauyin sake roƙo." Na ce, "Yaya, ba roƙo za ki yi ba, lissafi za ki nuna musu. Da yawa sun ɗauka an gama ne."

Ina jin haka abin yake a unguwanni da dama. A layinku akwai gidan da kuka je dubiya wata uku da suka wuce ba ku koma ba. A wannan mako a leƙa, a tambayi mai jinyar nawa ne kuɗin maganin wata, a ga abin da za a iya ɗauka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan adana magani a lokacin zafi.