Jami'in da Ya Kunyata Yaro Saboda Jakar Katun

Malam Edita,

Mai wannan wasiƙa yana roƙon ɗan fili ya amayar da abin da ya tsaya masa a rai tun ranar bikin raba kyaututtuka na ƙarshen zango a wata firamare da ke unguwarsu. Edita ya san irin waɗannan tarukan: rumfar haya, kujerun roba, lasifika mai ƙara, da babban baƙon da ba ya isowa sai rana ta take. Baƙon wannan karon jami'in ilimi ne. Aka kira wani yaro ɗan aji uku da ya zo na biyu a ajinsu, ya fito goye da jakarsa. Jakar ta gwanjo ce, gadon yayarsa, da hoton 'yan matan nan uku masu dara-daran idanu na katun ɗin Powerpuff Girls. Maimakon jami'in ya miƙa kyauta ya sa albarka, sai ya kama kafaɗar yaron ya juya shi, ya nuna wa jama'a jakar, ya ce a lasifika wai iyayen da ke barin 'ya'yansu maza suna kallon katun ɗin mata 'yan daudu suke reno. Aka kwashe da dariya, har da wasu malamai.

Yaron ɗan ƙanwar mai wasiƙar ne, shekararsa takwas, kuma a kan idon kawun nasa aka yi komai. Yaron ya karɓi kyautarsa kai a sunkuye. Da aka koma gida ya ce shi gara ya riƙa zuba littattafansa a leda. Uwarsa, da awara take rufa wa kanta asiri, yanzu tana lissafin kuɗin sabuwar jaka a wannan tsadar. Yaro ya zo na biyu, an saka masa da abin da zai daɗe yana tunawa.

Shin jami'in ya taɓa zama ya kalli shirin ko na minti goma? Da ya kalla, da ya ga yara uku da wani farfesa ya haɗa a ɗakin gwaje-gwajensa, suna tashi sama, suna naushin dodanni, suna ragargazar wani mugun biri mai suna Mojo Jojo da ke neman mallake garinsu. Duka da fashe-fashen da ke ciki sun fi na shirye-shiryen maza da yawa. Namiji ne ma ya ƙirƙire shi, Craig McCracken, kuma tun da tashar Cartoon Network ta fara nuna shi a 1998 yara maza suke kallonsa tare da 'yan'uwansu mata. Mai wasiƙar shaida ne a gidansu: mazan ne ke cacar baki a kan wa zai zama Buttercup, mai koren kaya da saurin hannu.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne jami'in yana ganin tarbiyya yake karewa, alhali tallar 'yan kasuwar Amurka yake maimaitawa. A shekarun 1980 aka sassauta dokokin talla a shirye-shiryen yara a can, kamfanonin kayan wasa suka shiga yin katun don su sayar da hajarsu. Kamfanin Mattel ya kawo He-Man a 1983 don maza, ya biyo da She-Ra a 1985 don mata. Hasbro yana da Transformers a wannan ɓangaren, da dawakan My Little Pony a wancan. An raba yara gida biyu ne don uban da ke da ɗa da 'ya ya sayi kaya kashi biyu. Tashar Spacetoon ta Larabci, wadda gidaje da yawa a nan suka sani ta kwanon tauraron ɗan'adam, ita ma ta ware sashe mai suna Zumurruda ta ce na 'yan mata ne zalla. To, a gidan da talabijin ɗaya ne, wuta kuma sai an yi sa'a, wane yaro ne ya taɓa tashi ya bar ɗaki don an shiga Zumurruda?

Su kansu masu sana'ar sun sha jin kunya a kan wannan zaton. Lokacin da ake shirya The Legend of Korra, wanda tashar Nickelodeon ta fara nunawa a 2012, wasu manyan tashar sun yi ɗari-ɗari da jaruma mace, bisa tsohuwar fahimtar cewa mata za su kalli labarin namiji amma maza ba za su kalli na mace ba. Aka tara yara aka gwada musu. Ɗaya daga cikin masu shirin, Bryan Konietzko, ya ba da labari daga baya cewa mazan sun ce ba ruwansu da kasancewarta mace, burge su ta yi. Kamfanin Disney ma ya taɓa tsorata. Bayan fim ɗin The Princess and the Frog na 2009 bai kawo kuɗin da aka sa rai ba, sai aka canza wa na gaba suna daga Rapunzel zuwa Tangled, don kada sunan gimbiya ya kori maza. A 2013 kuma Frozen ya fito, labarin ya da ƙanwa, ya tara sama da dala biliyan 1.2. Da wuya a ce 'yan mata kaɗai suka biya wannan kuɗin.

Batun My Little Pony ya fi ban mamaki. A 2010 Lauren Faust, wadda ta yi aiki a Powerpuff Girls, ta sake gina shirin. Ta ƙi yarda a yi wa yara mata labarin shan shayi da ƙyalƙyala dariya kawai, ta ba kowace goɗiya halinta: ga mai son karatu, ga mai fahariya, ga manomiya, ga mai kunya, kuma suna saɓani suna shiryawa kamar mutane. Sai ga samari da magidanta sun zama 'yan kallo, har suna shirya taron shekara-shekara. Na ƙarshe da aka yi a birnin Baltimore a 2019 ya tara sama da mutum 10,000. Mai wasiƙar ba ya cewa kowa ya bi sahunsu, shi kansa yana ganin abin nasu ya ɗan yi yawa. Amma ya isa hujja cewa idan labari ya yi daɗi ba a tambayar wa aka dafa wa.

A Amurka ma an yi irin ta jami'inmu. A 2014 wata makaranta a jihar North Carolina ta ce wa wani yaro ɗan shekara 9 ya daina zuwa da jakarsa mai hoton waɗannan dawakan, wai ita ke jawo masa tsangwama. Jama'a suka yi ca, suka ce a hukunta masu tsangwamar mana. Makarantar ta janye. A nan kuwa babban baƙo ne da kansa ya buɗe tsangwamar, aka tafa masa, aka ba shi lemo da kaza a leda. Abin da ya kamata shi ne ya koma makarantar nan, ya tsaya a gaban yaran da suka yi dariya, ya ce ya yi kuskure. Shugabar makarantar ma da ta yi shiru tana da nata alhakin.

Kuma wai yaushe Bahaushe ya fara raba wa yara labari? Shi jami'in a gindin wa ya ji tatsuniya? Kaka ce ko gwaggo ke zama da dare, yara maza da mata kewaye da ita. Ta-kitse mace ce. A Daskin-da-riɗi 'yan mata ne ke tafiya, kuma wadda aka raina ce ta yi ladabi ga tsohuwa ta samu sunan. A tatsuniyar Ruwan Bagaja 'yar bora ce ta kama doguwar hanya ita kaɗai, ta ga abin al'ajabi ta kame bakinta, ta dawo da arziki. Mazan da suka ji waɗannan da ƙuruciya su ne suka zama malamai da sojoji da sarakuna, ba a ji wanda tatsuniyar 'yar bora ta karya wa murya ba. Abin da suka ɗauka shi ne haƙuri da ladabi da sanin ƙarshen mai hassada. Haka 'yan zamanin NTA suka zauna gaban Tales by Moonlight, mace na ba da labari, suka kuma kalli Voltron, inda gimbiya ke tuƙa ɗaya daga cikin zakunan nan biyar. A aji kuma malami zai koya wa yaro Sarauniya Amina ta Zazzau da Nana Asma'u ya ce ya yi alfahari da su. Sai a bayan jaka ne hoton mace ya zama abin kunya?

A bar ma ta yara. Edita ya leƙa shagon aski ko teburin mai shayi da dare, ya ga magidanta masu gemu sun zuba wa fassarar fim ɗin Indiya ido, suna musu a kan kishiya da uwar miji. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na Bilkisu Funtuwa, maza nawa ne suka karanta su a ɓoye suka mayar ƙarƙashin matashin ƙannensu? Ba wanda ya juya su a gaban taro. Sai yaro ɗan shekara takwas, don ba shi da bakin ramawa.

Ba a ce iyaye su saki yara su kalli duk abin da ya zo ba. Akwai katun da ke ɗauke da abin da bai dace da addininmu da al'adarmu ba, kuma yana cikin na maza yana cikin na mata. Gane shi sai an zauna an kalla tare da yaro, abin da iyaye ƙalilan ke yi. Sauran sun miƙa wa yaro waya don ya bar su su huta, yana yawo a YouTube da TikTok ba mai leƙawa. Samarin da ya kamata su ja ƙannensu a jiki suna can suna cacar ƙwallo a waya. Da jami'in ya yi magana a kan wannan, ko a kan ajujuwan da yara ke zaune a ƙasa, ko malaman da ke bin bashin albashi, da an ce taron ya yi amfani. Amma shugabanninmu sun fi son abin da zai sa a yi dariya a tafa, a watse.

Wasu ƙasashen aiki suka yi. A Pakistan, ƙasar Musulmi, an fito da Burka Avenger a 2013: malamar makaranta mai suna Jiya, wadda ke rufe jikinta ta yaƙi masu son rufe makarantar 'yan mata, makamanta littattafai da alƙaluma, kuma cikin yaran da ke tare da ita akwai maza. Shirin ya ci lambar yabo ta Peabody a Amurka. Malenga Mulendema 'yar Zambiya ta ƙirƙiro Supa Team 4, 'yan mata huɗu a birnin Lusaka, Netflix ta fara nunawa a 2023. Akili and Me na Tanzaniya, wanda jarumarsa yarinya ce ƙarama, an juya shi zuwa Hausa yana koya wa yaranmu ƙirga. A Abuja Adamu Waziri ya yi Bino and Fino, labarin yaro da 'yar'uwarsa.

Mu kuwa da muke da Kannywood, da tashoshin talabijin na jihohi da ake ware wa kuɗi duk shekara, da tatsuniyoyi cike da taska, har yau mai wasiƙar bai ga Ta-kitse ko 'yar bora a katun mai inganci da ake nunawa kowane mako ba. Akwai matasa a Kano da Kaduna da Zariya da suka koyi zane a kwamfuta, suna ta fama su kaɗai da tsohuwar na'ura da kuɗin man janareto. Ma'aikatun ilimi da na yaɗa labarai su neme su, su ba su kwangilar shiri ko na minti goma-goma ne, a sa shi a filin yara na yammacin Asabar.

Wassalam.

Wani kawu, daga Zariya