Share dusar ƙanƙara haƙƙin maƙwabtaka ne

A birnin New York na Amurka, idan dusar ƙanƙara ta daina zuba tsakanin ƙarfe 7 na safe da 5 na yamma, doka ta ba mai gida awa 4 ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke ƙofar gidansa. In ya ƙi, a ci shi tarar da ke farawa daga dala 100. Ina ganin dokar ta yi daidai. Dusar da aka bari ana tattakawa daskarewa take yi ta koma sulɓi, kuma tsoho mai sanda da mai keken guragu su ne kan fara jin jiki. Motocin hukuma manyan tituna suke fara bi, mai gida kuwa shebur da gishiri sun ishe shi.

Masu suka na cewa hanyar ta gwamnati ce, ga shi a Montreal ta Kanada hukumar birni ce ke sharewa. Haka ne, amma da harajin jama'a ake biya, ko ta ina dai aljihun mazauna ne ke ɗaukar nauyin. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na tsofaffi da marasa lafiya, domin kwasar dusa mai nauyi cikin sanyi kan jawo bugun zuciya. Masu hali sukan ƙulla yarjejeniya da kamfanonin share dusa tun kafin hunturu, ko da yake alhakin yana nan a wuyan mai gida. Marasa hali kuwa, wajibi ne hukuma ta tallafa musu kafin ta yi zancen tara.