Hype Williams: wanda ya sa wa waƙar rap rigar sarauta

Sai a ƙarshen shekarar 1992 tashar talbijin ta MTV a Amurka ta fara rubuta sunan mai tsara hoton waƙa a ƙarƙashin na mawaƙi. Kafin nan, mutumin da ke bayan kamara ba shi da suna, kamar maroƙin da aka ci moriyar muryarsa aka manta da shi. Cikin waɗanda wannan sauyi ya fito da su babu kamar Harold Williams, wanda duniya ta sani da Hype, haifaffen unguwar Queens ta birnin Niyok a 1970.

Da zane a bangon titi ya fara, inda yake rubuta laƙabinsa da fenti. Daga nan ya shiga kamfanin Classic Concepts a matsayin ɗan aike, yana shara yana kallon yadda ake aza fitilu. A wancan zamani, hoton waƙar rap bai wuce lungu da kango da samari masu ɗaure fuska ba. Hype ya ƙi wannan. Ya nemi haske mai sa baƙar fata ta yi sheƙi, abin da masu silima na Holiwud suka daɗe ba su damu da shi ba, ya kuma ɗora wa kamara gilashin nan mai kumbura hoto da ake kira idon kifi. A 1997 kaɗai, ya sa Missy Elliott cikin wata baƙar riga ta roba da aka hura wa iska, ya lulluɓe Puff Daddy da Mase da tufafi masu walƙiya, ya zaunar da Busta Rhymes a fada har da giwa. Ɗiyan bayi ne aka nuna a kan karaga, kuma masu karatu za su fahimci abin da wannan ke nufi a ƙasar da MTV ta yi shekarunta na farko tana jan ƙafa wajen nuna baƙar fata.

Amma kwalliya tana da kuɗinta. Hoton waƙar da ya haɗa wa Busta Rhymes da Janet Jackson a 1999 ya lashe sama da dalar Amurka miliyan 2, wato fiye da miliyar guda na kuɗin sefa, domin ƴan mintuna. Motoci da gidajen da ake gani galibi na haya ne, kuma bisa al'adar kamfanonin faifai, wani kaso na kuɗin aikin daga rabon mawaƙi ake cire shi. Yaron da ke kallo bai san rigar aro ba ce.

Shi kansa Hype ya gamu da iyakar fasaharsa. A 1998 ya fitar da fim ɗinsa Belly, tare da Nas da DMX. Mintunan farko, inda idanun ƴan fashi ke ƙyalli cikin shuɗin haske, har yau ana yaba su. Labarin kuwa bai tsayu ba, masu sharhi suka yi masa ca, gidajen silima na Magic Johnson suka ƙi nuna shi. David Fincher da Spike Jonze, da suka fito daga wannan sana'a, sun zama manyan Holiwud. Shi bai sake fitar da dogon fim ba. Ya koma ga mawaƙa: Kanye West a 2005, Beyoncé a 2013, tsakani kuma MTV ta ba shi babbar lambarta ta girmamawa a 2006.