Ruwan Da Ya Tsere Wa Manomi

Da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni rabona ya faɗa wata makarantar firamare a ƙasar Shira, aka ba ni aji 5. Ran nan muna Labarin Ƙasa, littafin kuwa na Turanci ne, sai muka iso kan kalman nan run-off. Na rubuta ta a allo, na ce wa ya san ma'anarta? Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ruwa ne ya tsere." Na ce, "Ya tsere wa wa?" Ya ce, "Wa manomi." Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa, da ya ke sabon malami ne mai son a ce ya iya, na ce masa ya yi kure, ya zauna. Sa'an nan na sa su haddace bayanin da ke cikin littafi, suka rera shi kamar waƙa, ba wanda ya fahimci ko kalma guda.

Sai da na koma masauki na ga ashe yaron ya fi ni gaskiya, kunya ta kama ni.

Jama'a, ku dubi abin da mu ke ɗora wa yaran nan. Bature ya ɗauki kalma ɗaya, run, yana ta sauya mata wutsiya. Kadan ya ce run away, mutum ya gudu ke nan. Run off ma gudu ne, ɓarawo ya yi gaba da akuya. Amma kadan aka haɗe ta da ɗan layi a tsakiya, ta zama ruwan sama da ƙasa ba ta shanye ba, ya bi gangare. Ita ce dai kuma zagaye na biyu na zaɓe, irin wanda aka yi a Jamhuriyar Nijar a Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. Run out kuwa ƙarewa ne, run over takewa da mota. Ni da na taso a makarantar Mishan, inda Turanci ya ke abincin safe da na dare, sai da na girma kana wutsiyoyin nan suka daina ruɗa ni. To, ina ga yaron da ba ya jin Turanci sai a bakin malami?

Abin takaicin shi ne yaron nan ya zo makaranta da dukiyarsa, mu muka sa ya ajiye ta a bakin ƙofa. Ya san ruwa yana zuba daga indararo, yana kwarara a lungu, yana malala a fili, yana gangarowa daga dutse. Ya san fako ba ya shan ruwa, jigawa ta kan shanye nan da nan, fadama ta riƙe. Ya san zaizaya, ya san kwazazzabo, ya san ambaliya. Wajen gudun mutum ma haka: tserewa daban, sulalewa daban, arcewa daban, yajin mace daban, gudun hijira daban. Har dangantakan nan ta gudu da ruwa da na ke tsammani hikimar Bature ce, muna da ita, don gudu da gudana da magudana 'yan ɗaki ɗaya ne. Wanda ke shakkar yalwar Hausa ya tafi laburare ya ɗaga ƙamus na Bargery na 1934, in ya iya ɗagawa da hannu guda.

Kada a ce wannan gardamar kalmomi ce kawai. Mu yi lissafi. Ruwan sama na milimita 1 a kan kadada 1 lita 10,000 ne. Watau ruwan dare ɗaya na milimita 30 lita 300,000 ke nan, duro 1,500 na lita 200. A gindin duwatsun Shira, inda dutse ba ya shan ko ɗigo, ruwan da ya gangaro ya kan haɗu da na gona, kadan an sare itatuwa kuma ba abin da zai tare shi. Ba ya tafiya hannu rabbana, sai ya kwashi ƙasar sama da takin da manomi ya yi bashi ya saya. Wanda ya sami hanya ya faɗa Kogin Jama'are, ya wuce ta Katagum, ya haɗu da Kogin Haɗeja, ya nufi Tafkin Cadi. Manoman Tawa da ke Nijar sun farfaɗo da fako ta wurin jera duwatsu a gicciye da haƙa ramuka masu kamar rabin wata. Yaron da ya gane cewa ruwa yana tsere wa manomi, shi zai tambayi yadda a ke kama shi. Wanda ya haddace jimlar Turanci ba zai tambayi kome ba.

Na sani waɗansu abokaina za su ce jarrabawa da Turanci a ke yin ta. Gaskiya ne, ni ma ban ce a kori Turanci ba. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara 6, Turanci yana darasi guda, ya nuna yaran ba su kasa 'yan'uwansu ba, har a Turancin kansa. Kuma mu tuna Shirawa suna da harshensu a da, yau ba mai jin sa, duk sunayen da suka sa wa ruwansu da ƙasarsu sun tafi tare da shi.

Abin da na ke roƙon malamanmu na sashen Hausa da na Labarin Ƙasa shi ne su haɗa mu mu tattara kalmomin ruwa da ƙasa daga bakin manoman Shira da Azare da Katagum, ko wace kalma a ajiye ta Turanci kusa da ita, ko wane ɗalibi ya tafi gwajin koyarwa da takardar a aljihu.

Ni dai da aka yi ruwa wani dare, gari na wayewa na fita da ajina bayan makaranta, muka bi sawun ruwan har inda ya yanka gona. Na kira yaron nan gaban 'yan'uwansa na ce ya maimaita amsarsa, na ce shi ne ya ci. Sa'an nan na rubuta musu run-off da tsinke a kan danyen yashi.