Cutar CMV da Kurumtar Jarirai: Kwana 21 Kacal Muke da Su

Saboda ni malamin kimiyyar harshe ne, 'yan'uwa kan kawo mini yaro ɗan shekara uku da bai fara magana ba, wai in duba ko harshensa ne ya ɗaure. Sau da yawa harshen lafiyarsa ƙalau, kunne ne ya samu matsala. Yaro kuwa ba ya furta abin da bai taɓa ji ba, balle a Hausa, inda tsawon wasali kaɗai ke raba garin zama da garin tuwo.

In aka cire gado, babu abin da ya kai ƙwayar cutar saitomegalo, wadda likitoci ke kira CMV, haddasa irin wannan kurumta. Galibinmu mun taɓa ɗaukarta ba mu sani ba, don ba kasafai take kwantar da babba ba. Ɓarnarta sai ta ratsa mahaifa ta kama ɗan tayi. A Amurka, kimanin jariri 1 cikin 200 ake haifa da ita, kuma 1 cikin 5 na waɗannan kan tashi da lahani mai ɗorewa. Mafi yawansu lafiya lau ake ganinsu ranar suna. Wasu sai daga baya jin ke dushewa.

Ga inda gizo ke saƙar: sai an gwada fitsari ko yawun jariri cikin kwana 21 na farko ake tabbatar da cewa tun a ciki ya kamu. Mu kuwa mai jego takan yi arba'in ba ta leƙa asibiti ba. Alhali akwai maganin Valganciclovir da ake ba jaririn da cutar ta bayyana a jikinsa tsawon wata 6, yana kuma taimakawa wajen kare jinsa in an fara da wuri. Jihar Minnesota ta fara gwada kowane jariri a 2023.

Ban ce asibitocinmu su yi haka gobe ba, na san halin aljihunsu. Amma faɗakarwa nawa take ci? Har yau babu allurar rigakafin cutar, kuma a yawu da fitsarin ƙananan yara ta fi yawa. Don haka unguwar zoma ta gaya wa mai ciki, tun a awon farko, ta wanke hannu da sabulu bayan ta yi wa yaro tsarki, ta daina cin ragowarsa da sumbatar bakinsa. Ma'aikatun lafiya na jihohi kuma su haɗa gwajin ji da allurar BCG, tunda ita ce ke fara kawo jarirai da dama asibiti.